Ɗalibaina sun haddace tsawo sau faɗi sau tsayi, sun ƙi saki

Malamar lissafi, JSS 2:
Assalamu alaikum malamai. Mako biyu ke nan muna kan lissafin girman cikin firizim, wato siffar da fuskarta iri ɗaya ce tun daga farkon jikinta har ƙarshe. Muddin kwali ne, yaran nan ba su da matsala, suna rera tsawo sau faɗi sau tsayi kamar karatun allo. Jiya na zana musu mai fuskar alwatika: gindi santimita 6, tsayi 4, tsawon jiki 10. Kusan duk ajin suka rubuto mini 240, alhali 120 ce amsar. Wata yarinya har da rantsuwa wai ta ninka daidai. Kuma da gaskiyarta! Ta ina zan ɓullo musu?

Tsohon malami:
Wa alaikumus salam Malama. Ajiye alli, ki sayo sabulun sanda. Ki tsaga shi da wuƙa daga wannan kusurwa zuwa ta can, har ƙasa. Ki miƙa wa yara biyu, su haɗa, su raba. Da idonsu za su ga alwatikar rabin kwali ce, su gane inda rabin 240 ya tafi.

Wata malama:
Dabarar Baba ta yi, amma a yi hattara, kar su koma haddace "a raba biyu". In aka kawo musu fensir mai gefe shida fa? Ni burodi mai yanka-yanka nake shiga da shi aji. Kowane yanki irin ɗan'uwansa ne tun daga farko har ƙarshe, kuma abin da ya sa ake kiransa firizim ke nan. A nemo girman filin fuska ɗaya, a ninka da tsawon jiki. A naki lissafin, filin alwatikar rabin 6 sau 4 ne, wato 12, sai 12 sau 10. Sai ki tambaye su dalar gyaɗa: yankin ƙasa da na sama ɗaya ne? Su da kansu za su fitar da ita daga sahu.

Wani magini:
Ni ba malami ba ne, amma ki sa su haɗa akwatin kwali mai santimita 10 ta kowane ɓangare, su sa leda a ciki su zuba ruwa. Lita ɗaya cif yake ci.

Malamar lissafi:
Na gode ƙwarai. Yau na gwada sabulun. Yarinyar nan ce ta fara cewa "Malama, ashe rabi ne!" Sai dai har yanzu ina cigiyar ɓari ɗaya.