Muhawara: Gwajin Ranar Alhamis da Karnukan Pavlov

Malam Nura: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Wani uba ya zo har ofishin shugaban makarantarmu yana ta faɗa, wai ina takura wa ɗansa da gwaji duk ranar Alhamis, in bari jarabawa ta matso yaro ya yi karatunsa. Wallahi wannan karatun dare ɗaya shi ke kashe mana yara. Tun kafin 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada abin a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa, sai ya ga mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko. Ya kuma ga maimaici 38 da aka raba a kwana uku ya yi aikin maimaici 68 na zama ɗaya. A 2006 wasu masu bincike, Roediger da Karpicke, suka gwada ɗalibai a Amurka. Waɗanda suka yi ta sake karantawa sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako ɗaya waɗanda aka yi wa tambayoyi suka wuce su. Ƙwaƙwalwa sai an yi ta haɗa mata abu da abu a kai a kai, kamar yadda Pavlov ya gani a karnukansa. Ina laifina a nan?

Hajiya Binta: Malam, tsaya tukuna. Karnuka? 'Ya'yan mutane kake kwatantawa da kare?

Malam Nura: Hajiya, ba haka nake nufi ba. Ki karanta duka.

Hajiya Binta: Na karanta. Dabbar da in ta sa baki a kwano sai an wanke shi sau bakwai, ita za a haɗa da ɗan da na haifa? Ashe uban nan yana da gaskiya.

Abubakar: Hajiya, ki yi haƙuri. Ivan Pavlov likitan binciken narkewar abinci ne, a kan haka ma ya samu kyautar Nobel a 1904. Ya lura kare na zubar da yawu tun kafin abinci ya iso, da ya ji motsin mai kawowa. Sai ya riƙa kaɗa ƙararrawa kafin abinci, har ƙarar kaɗai ta isa.

Usman: Wace ƙararrawa? Ya fi amfani da wata na'ura mai ƙas-ƙas da makaɗa ke daidaita kiɗa da ita. Ku daina haddace abin da kuka gani a Facebook.

Abubakar: A aji na karanta, ba a Facebook ba. Kai da ka bar kwas ɗin tun aji biyu kake gyara min?

Usman: Barin kwas bai hana ni karatu ba.

Alaramma Isa: Ni abin da ya dame ni daban ne. Sai Bajamushe ya faɗa sannan ku yarda? Kolo yana biya allonsa da safe, ya sake da yamma, da dare a gaban wuta ya ƙara. Ba a wanke masa allo sai ya kawo haddar da ka a gaban malam. Sannan ga tilawar abin da ya wuce kullum. Gwanayenmu suna rubuta Alƙur'ani sukutum ba tare da sun duba ba. Wane kare ya koya musu?

Malam Nura: Alaramma, ai maganata kake ƙarfafawa! Kawo hadda da ka shi ne gwajin da nake yi ranar Alhamis.

Alaramma Isa: A'a, kar ka haɗa karatun allo da naka.

Maryam: Ni dai na yarda akwai abin. Tun ranar da na ci kifi na kwana ina amai, ko ƙamshinsa na ji a kasuwa sai zuciyata ta tashi. Daga baya ma aka ce zazzaɓi ne ba kifin ba, amma har yau ban iya ci.

Abubakar: Yauwa Maryam! Wannan shi ne abin da wani mai bincike, John Garcia, ya gano a ɓeraye, sau ɗaya ya isa.

Hajiya Binta: Ikon Allah. An bar kare an koma ɓera.

Sadiya: Gaskiya Anti Binta ta fi ku. Kalma tana da nauyi. Malami da ya kamata ya zama abin koyi bai kamata ya kawo kare cikin zancen ɗalibai ba.

Usman: Sadiya, duk abin da Hajiya ta ce sai kin ce haka ne, don kuna adashi tare.

Sadiya: Ina ruwan adashi da wannan? Ka fara biyan kuɗin taron da ake binka tun Sallah.

Usman: Na biya! A tambayi Ma'aji.

Malam Nura: Don Allah a dawo kan magana. Gwajin mako-mako yana da amfani ko ba shi da shi? Yaran nan suna kwana da littafi daren jarabawa, su ci, hutu ya ƙare su dawo kamar ba a taɓa koya musu ba. Ni nake sake farawa daga farko.

Hajiya Binta: Ka janye kalmar tukuna.

Baba Garba (shugaban zaure): To, ya isa haka. Abin da na fahimta shi ne, kowa ya amince iyayenmu na tsangaya sun riga Turawa sanin sirrin hadda, kamar yadda Alaramma ya bayyana da hujja. An kuma yarda Malam Nura ya yi kuskuren lafazi, ya ba iyaye mata haƙuri. Maganar ƙararrawa ba ta da amfani. Usman, ka ga Ma'aji gobe. An rufe.

Abubakar: Baba, ranka ya daɗe, wane ne kowa? Ni ban amince ba, kuma ba wanda ya amsa tambayar gwajin.

Malam Nura: Ranar Alhamis dai akwai gwaji, darasi na huɗu da na biyar.