Ma'aikaciyar jinya mai son komawa Ingila da aiki

Mai tambaya, daga Jos: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina so in koma Ingila da aiki. Don Allah ta ina zan fara?

Amsa, daga Abuja: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki fara da neman rajista a hukumar NMC mai rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma a Birtaniya, wadda za ta buƙaci sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET da jarrabawar CBT ta ilimin jinya da ake yi a kwamfuta, sannan asibitin da ya ɗauke ki ya ba ki takardar ɗaukar nauyi, domin ba a samun bizar aiki sai da ita. Jarrabawar OSCE kuwa, wato gwajin aikin jinya a aikace, sai kin isa can.

Amsa ta biyu: Gwajin tarin fuka ma wajibi ne. Ana iya yin sa a cibiyar IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, da ke Abuja, kuma takardarsa wata 6 take aiki.

Amsa ta uku: Malama, ki guji dillalan da ke sayar da takardar ɗaukar nauyi, domin ba ta sayarwa ba ce.