Musayar Waƙa: Wa Zai Hau Layin Mata?

Mai Agogo:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Batunmu: wanda aka haifa namiji, ya sauya jinsi, shin ya shiga gasar mata? Kowane baiti ya ƙare da "wa". A zo da lissafi, ban da zagi.

Agogo na ɗauko, shi ba ya ƙarya,
Ba ya son kai, ba ya wariya,
Shi ya sa aka raba wa tsere hanya,
Maza da mata, kowa da wurin tsayawa.

Sakan 9.58 Bolt ya yi, mita 100 ya cinye ta,
10.49 Griffith-Joyner ta yi, tun 1988 ba a karya ta,
Kashi 10 zuwa 12 cikin 100 ita ce rata,
A gudu da iyo. A tsalle har ta fi faɗaɗawa.

Ba horo ya kawo ta ba, ba kuma abinci,
Kafin balaga yaro da yarinya na da kusanci,
Daga shekara 12 ko 13 sai ka ga bambanci,
To allura da ƙwaya suna iya gogewa?

Likitar Fili:
Yaya Mai Agogo, ka tambayi mai awon jini,
Testosteron, sinadarin balagar maza, shi ne tushe, ga ma'auni:
Namiji nanomol 8 zuwa 29 a lita, ka gani,
Mace ƙasa da 2 take, riƙe bayani,
Ninki kusan 15 ke nan, ba wurin haɗuwa.

In an danne shi da magani, jini ke fara ja da baya,
Cikin wata 4 himoglobin ya koma na mata gaba ɗaya,
Shi ke kai iska ga tsoka, sai a soma saurin gajiya,
Amma ita tsoka ba ta bin wannan hanya,
Shekara guda, kusan kashi 5 take raguwa.

Ƙashi kuwa ya riga ya gama gininsa,
Faɗin kafaɗa, da hannu da tsawonsa,
Matsattsen ƙugu, da girman huhunsa,
Ba maganin da ke rage wa mutum tsayinsa,
Wannan ginin balaga ne, ba ya rushewa.

A 2020 an duba takardun sojojin sama,
Na Amurka masu sauyi, shekara 2 kan magani an gama,
A motsa hannu da ciki sun zo daidai da mata, ba gardama,
Sai a gudun mil 1.5 lissafi ya ƙi kama,
Kashi 12 suka fi mata, ratar ba ta ɓacewa.

Magatakarda:
Hajiya Likita, sannu da aiki, na karɓa,
Bari in karanto dokokin da ake ta sauyawa.

A 2003 Kwamitin Olamfik ya ce sai an yi tiyata,
Da takardar hukuma, da jiran shekara 2 kafin fitowa.

A 2015 aka cire tiyata aka sa lamba,
Ƙasa da nanomol 10, wata 12 ana riƙewa.

Ga inda ta ɓaci: 10 ta ninka na mata sau 5,
Kuma awo na ranarsa ne, gobe jini na iya hawa.

Hukumar guje-guje ta sauko da lambar zuwa 5 a 2019,
Rugbi ta rufe ƙofa a 2020, don karo na jawo karyewa.

Laurel Hubbard ta Niyuzilan, mai sauyi, ta je Olamfik na Tokyo a 2021,
Sau 3 ta gwada ɗaga ƙarfe, ba ɗagin da aka yi wa karɓuwa.

Nuwamba ta shekarar, Kwamiti ya ce kowace hukuma ta yanke nata,
Nan hanyoyi suka soma rarrabuwa.

Maris 2022 Lia Thomas, mai sauyi, ta ci iyon mata na yadi 500,
A gasar jami'o'in Amurka, ƙura ta soma tasowa.

Yuni hukumar iyo ta ce sai wanda ya tsai da balaga,
Kafin shekara 12, ko kafin alamunta su soma nunawa.

Guje-guje a Maris 2023, keke a Yuli, suka bi sahu,
Aka bar duba lambar jini, balaga ake dubawa.

Malamin Makaranta:
Malam Magatakarda, a duba yawansu ma,
Disamba 2024 shugaban NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ya gaya wa sanatoci a zama,
Cikin ɗalibai 510,000 da hukumarsa ta kama,
Masu sauyin da ya sani ba su kai 10 ba, a yi ta tunawa.

A jihar Yuta ta Amurka, 2022, dokar hana su wasan mata gwamna Cox ya ƙi sa wa hannu,
Yara 75,000 ke wasa a sakandare, ya ƙirga a sannu,
4 ne masu sauyi, 1 a sahun mata, ku buɗe idanu,
Majalisa ta tsallake shi, dokar ta samu wucewa.

Gasar zakaru daban take da wasan yara,
Ɗan shekara 9 balaga ba ta ko fara,
In doka ta buɗe ƙofar ƙorafi, wa za a kai ƙara?
Doguwar yarinya mai gajeren gashi za a fara nunawa.

Uwar 'Yan Gudu:
Ɗana, batunka na ƙananan yara na yarda,
Amma ƙarancin adadi ba ya share takarda,
Layi 8 ne a wasan ƙarshe, ba a ƙara ko guda,
In mutum 1 ya shigo, wata gida take komawa.

Tun 1972 dokar Amurka ta Title IX ta buɗe wa mata ƙofa,
Gurbin jami'a da kuɗin karatu na bin saurin ƙafa,
Ƙarfen mata kilo 4, na maza 7.26 ake jefa,
A ƙwallon raga, tsayin raga mita 2.24 da 2.43, jiki aka duba wajen rabawa.

Likitar Fili:
Inna, to ga awon tantance jinsi da aka dawo da shi,
1 ga Satumba 2025 hukumar guje-guje ta fara shi,
A goga auduga cikin kumatu, ko jini a ɗebe shi,
SRY ake nema, iri ne a kan Y, ƙwayar gadon maza, a gano shi,
Sau ɗaya a rayuwa, ba a maimaitawa.

Sai dai awon ƙwayoyin gado ya taɓa cuta,
1985 a Kobe, Martínez-Patiño ta Sifaniya aka tsai da ita,
XY irin na maza gare ta, jikinta ba ya jin testosteron tun haihuwarta,
Aka ƙwace nasarorinta, sai 1988 aka wanke ta,
Shekara 3 na ƙuruciya ba sa dawowa.

A Atlanta 1996, mata 8 cikin 3,387 awo ya nuna,
Duka aka bar su suka yi wasa a rana,
A 1999 Kwamitin Olamfik ya daina,
Caster Semenya ma ba sauyi ta yi ba, ku tuna,
A mace aka haife ta, halittarta ce ake tuhumawa.

Don haka mai awo ya sa safar hannu ya kiyaye,
Ƙwayar namijin da ya taɓa auduga kan sa sakamako ya karye,
In ya nuna, a sake ɗiba, kada labari ya yaye,
Likita ya duba ko jiki na jin sinadarin, a asirce a killace a ajiye,
Kafin a ce da 'yar wasa ta daina fitowa.

Malamin Makaranta:
Hajiya, na gamsu da batun manya,
To wanda aka cire daga layin mata, ina hanya?
Shi ma mutum ne mai son gudu da ninƙaya,
Akwai wani fili da aka yi masa buɗewa?

Magatakarda:
Malam, hukumar iyo ta gwada rukuni na kowa da kowa,
A Balin, Oktoba 2023, ta shirya karɓar masu zuwa.

Mita 50 da mita 100 aka ware a kowane salo,
Aka rufe rajista ba sunan da aka samu rubutawa.

Masu sauyin da suka kai wannan mataki ƙalilan ne,
Kuma wa ke son fita shi kaɗai, duniya tana nunawa?

Hukumar keke ta ɗauki wata dabara a 2023,
Rukunin maza ta mayar buɗaɗɗe, nan suke fafatawa.