Ta ina ake fara aikin kare haƙƙin talaka a unguwa?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da yayyen da ke wannan zaure. Mu wasu matasa ne a unguwar Mabera, cikin garin Sakkwato, da muka daɗe muna ganin abubuwa biyu suna maimaituwa. Na farko shi ne a kama mutum a tsare shi kwana da kwanaki ba tare da an kai shi kotu ba, har sai danginsa sun harhaɗa abin da ake kira kuɗin beli. Na biyu kuma shi ne halin bayin Allah da suka gudo daga yankunan Sabon Birni da Isa da Rabah saboda 'yan bindiga, suna zaune a kangwaye, 'ya'yansu ba sa zuwa makaranta, kuma ba mu ga wanda ya rubuta sunayensu ba, balle ya nema musu wani abu. Mun yi niyyar kafa ƙaramar ƙungiya, amma da muka kai maganar gaban wasu dattawa sai suka ce kare haƙƙin ɗan Adam harkar Turawa ce, kuma masu yin ta kuɗin waje kawai suke nema. Maganar ta yi mini nauyi, domin dattawan nan mutanen kirki ne. Shin akwai inda talakawan Afirka suka fara irin wannan aiki da kansu har ya yi tasiri? Kuma ta ina ya kamata mu fara, tunda ba mu da lauya, ba mu da kuɗi?

Malamar Islamiyya daga Kanwuri:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gaishe da dattawan, ka kuma tuna musu cikin ladabi cewa a wannan ƙasa tamu ce Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru. Takan naɗa jaji, ta ba ta malfa, jajin kuma ta riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulfulde, su koma su koyar da 'yan'uwansu, su kula da marasa lafiya da marayu. Shehu kansa ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kuma soki sarakunan zamaninsa kan harajin zalunci da ƙwace dukiyar talakawa. Duk wannan ya faru tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903.

Daga baya aka yi Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta shiga jam'iyyar NEPU tana yarinya, ta sha duka da ɗauri sau da yawa saboda tara mata da yi musu maganar auren wuri da aikin tilas da 'yancin jefa ƙuri'a. Matan Arewa ba su kaɗa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979, wato ta yi kusan shekara 30 tana wannan fafutuka kafin ta ga abin da take nema. Shawarata ita ce ku sa mata a cikin tafiyar tun daga farko, domin akwai abubuwan da 'yar gudun hijira ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba.

Baba na Gidan Igwai:

Ɗana, niyyarku mai kyau ce, sai dai ina son ku shiga da idonku a buɗe. Mu da muka manyanta ba mu manta da Bakolori ba. Lokacin da aka gina madatsar ruwan a kan gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, yankin yana cikin Jihar Sakkwato, an karɓe gonakin mutane, an sare itatuwansu, waɗanda ke ƙasan madatsar kuma suka rasa ambaliyar da ke ciyar da fadamarsu. Manoma suka yi ta neman diyya, da suka gaji suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da dama, aka ƙone gidaje. Har yau adadin da hukuma ta bayar da wanda mutanen yankin ke faɗa ba su zo ɗaya ba.

Manoman nan suna da gaskiya, kuma babu Baturen da ya tura su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka rasa cikakken rubutu na sunayen mamatan da filayen da aka karɓa, wanda 'ya'yansu za su riƙe a hannu su nemi haƙƙi da shi. Saboda haka kafin ku buga takarda mai tambari, ku sayi littafi. Duk wanda aka kama, ku rubuta ranar da aka kama shi, da wurin da aka kai shi, da wanda ya gani, da abin da aka karɓa. Kada kuma ku tsallake mai unguwa da limami, ko da kun san ba za su bi ku ofishin 'yan sanda ba, domin ranar da za a ce ku 'yan tada zaune tsaye ne, su za a fara tambaya.

Lauya mazaunin Arkilla:

Na goyi bayan Baba, kuma zan ƙara da misalin da ke kusa da mu ƙwarai. A hayin Illela, a yankin Birnin Ƙonni, aka sayar da Hadijatou Mani a 1996 tana da shekara 12, a kan sefa 240,000. Ƙungiyar Timidria, wadda 'yan Nijar suka kafa a 1991 don yaƙi da bauta, ita ce ta riƙa shiga ƙauyuka tana sanar da mutane cewa dokar ƙasar ta 2003 ta mayar da bauta laifi. An ba Hadijatou takardar 'yanci a 2005, amma ubangidan ya ce matarsa ce, kuma da ta auri wanda take so sai kotu ta yanke mata ɗaurin wata 6 bisa laifin aure kan aure. Da taimakon Timidria da wasu ƙungiyoyin waje aka kai ƙara Kotun ECOWAS, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Lauyoyin waje sun taimaka, wannan gaskiya ne, amma da babu mutanen da suka taka ƙasa suka isa ƙauyen, da babu shari'ar da za a yi. Yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam da aka dogara da ita a shari'ar ma ta Afirka ce, wadda shugabannin nahiyar suka amince da ita a Nairobi a 1981, kuma Najeriya ta mayar da ita dokar cikin gida tun 1983.

Game da tsare mutane, sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana 2. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, kamar a tsare uba don ɗansa ya gudu, ta kuma tanadi majistare ya riƙa duba wuraren tsare mutane aƙalla sau ɗaya a wata. Belin 'yan sanda kyauta ne. Ƙa'idojin kotu na 2009 sun ba wani damar shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, don haka rashin dangi masu ƙarfi bai rufe ƙofa ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta duk suna da ofis a garin nan, kuma ba a biyan kuɗi don kai musu koke.

Batun makarantar yaran 'yan gudun hijira ya fi wuya a kotu, domin babi na 2 na tsarin mulki, inda aka ambaci ilimi, ba a cika iya kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye ba. Sai dai dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, kuma jerin sunayen yara da shekarunsu, a hannun mutanen unguwa da ke tare da mai unguwarsu, yakan buɗe ƙofar sakataren ilimi fiye da doguwar wasiƙar ƙorafi.

Ɗan Mabera:

Allah ya saka wa Malama da Baba da Yallaɓai da alheri. Za mu fara da littafin, kuma za mu roƙi wasu malamai mata biyu na unguwarmu su ɗauki nauyin zagayen matan. Saura tambaya ɗaya ga Yallaɓai: idan dangin wanda ke tsare suka ji tsoro suka ce kada a ambaci sunansu, shin za mu iya kai koken ba tare da su ba, ko dole ne mu jira yardarsu?