Daga Wuse zuwa filin jirgin Abuja da yamma: yaushe ya kamata mu kama hanya?

Mai tambaya, Unguwar Sarki:
Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan raka mahaifina daga nan Kaduna zuwa Abuja, inda zai tashi zuwa Umara da ƙarfe 8 na dare, sai dai dole mu fara shiga Wuse mu karɓi fasfonsa. Waɗanda suka saba bin titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, da wane lokaci ya dace mu bar Wuse zuwa filin jirgin?

Direban tashar Kawo:
Wa alaikumus salam, Allah ya kai Baba lafiya. Daga tsakiyar gari zuwa filin jirgin Nnamdi Azikiwe kusan kilomita 40 ne, titin kuwa layi 10 gare shi, shi ya sa baƙo yake zaton babu abin da zai tsayar da shi. Lugbe, unguwar da ke kan wannan titi, ita ce matsalar. Ma'aikatan da hayar cikin gari ta fi ƙarfinsu a can suke zaune, da safe su kwararo ciki, da yamma su kwarara waje, wato daidai inda kuka nufa. Daga ƙarfe 5 abin yakan fara cushewa tun daga ƙofar gari kusa da filin wasa, ga motocin haya da ke tsayawa sauke fasinja a bakin hanya. Tun da jirgin ƙetare ne, ana son ku isa awa 3 kafin tashi, don haka kada ƙarfe 3 da rabi ta same ku a Wuse. La'asar ma ku yi ta a masallacin filin jirgin.

Malama, Barnawa:
Malam, idan akwai wanda zai karɓi fasfon ya tarye ku da shi, ba sai kun shiga gari ba. Daga Zuba ku miƙe hanyar Lokoja har mararrabar Giri, sannan ku juya hagu. Ta nan za ku riski filin ba tare da kun ga Lugbe ba, kuma dattijo zai huta da zaman mota.

Dattijo, Tudun Wada:
Shawarar Malama ta fi kwanta mini. A 2017, da aka rufe filin Abuja mako 6 domin gyaran titin saukar jirage, mu a Kaduna aka riƙa sauke wa baƙin, yanzu kuma mu ne ke bin su can. Akwai kuma jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa tashar Idu a Abuja, inda ake canjawa zuwa ƙaramin jirgin ƙasan da ke shiga filin, amma da kayan Umara da tsoho a hannu, ɗana, ni mota zan zaɓa.