Neman kalma: me za mu kira "airworthiness" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da safe za a naɗi shirin da nake fassarawa kan dokokin sufurin jiragen sama, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro: "airworthiness". Ba yadda zan kewaye ta. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Shikago ta 1944 ya ce duk jirgin da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe dole ya kasance da takardar wannan abu, kuma ƙasar da aka yi masa rajista ce ke ba da ita ko ta amince da ita. Na rubuta "takardar lafiyar jirgi" amma raina bai kwanta ba. A agaza.

Tsohon Ɗan Rediyo: Lafiyar jirgi ta yi mana, 'yata. Ita muke faɗa tun kafin a haifi wasu a nan. Mai sauraro ya gane, an wuce wurin.

Injiniya: Baba, a labarai ta wadatar, amma shirin doka ne za ta yi. Rataye na 8 na wannan yarjejeniya ya ɗora kalmar a kan sharuɗɗa biyu: jirgin ya yi daidai da tsarin ƙirar da hukuma ta amince da shi, sannan ya kasance cikin yanayin da za a yi aiki da shi ba tare da haɗari ba. "Lafiya" na biyun kawai ta ɗauka. Sai ka ga jirgi garau, injin na kuka yadda ake so, ba ɗigon mai ko ɗaya a ƙarƙashinsa, amma an sa masa wani famfo da ba shi da takardar asali, ko ranar bincikensa ta wuce. A idon doka wannan jirgi bai isa ya ɗaga ba. Akasin haka ma na faruwa: wata na'ura ta mutu, mu duba jerin kayan da hukuma ta yarda a yi tafiya ba su, mu manna mata alamar ba ta aiki, mu rubuta a littafin jirgi, ya kwashi fasinja ya tafi da halaccinsa.

Ɗalibi: To me zai hana "izinin tashi"?

Kyaftin: A'a ƙanena, wannan na hasumiyar da ke kula da zirga-zirgar jirage ne. Shi ake ba ni ta rediyo ina bakin titin jirgi, kuma mai ba ni shi bai san komai game da kusoshin jirgina ba. In aka haɗa su a kalma ɗaya an rikita mai sauraro.

Barista: Ina tare da Injiniya, domin a kan wannan kalma ake raba alhaki. Dokar Amurka misali ce mai sauƙin bi. Mai jirgi ko mai gudanar da shi, shi ne na farko da aka ɗora wa kiyaye jirgin a wannan matsayi. Matuƙi kuma shi zai tabbatar kafin tafiya cewa jirgin na cikin yanayi mai aminci, in matsala ta ɓullo a sama ya katse tafiyar. Ƙaramin jirgi sai an yi masa cikakken bincike cikin kowane wata 12, in kuma ana ɗaukar mutane da shi don kuɗi akwai ƙarin na kowace awa 100. A filin jirgi kuwa, sashe na 16 na Yarjejeniyar Shikago ya ba jami'an ƙasar da ka sauka ikon su bincika jirgin su duba takardunsa. Akwai kuma takardun inshora masu sharaɗin cewa in takardar nan ba ta aiki a ranar da tsautsayi ya auku, kamfani ba zai biya ba. Mai jirgi ya tsaya gaban alƙali ya ce "ai lafiyarsa ƙalau" ba zai fisshe shi ba. Shawarata "cancantar tashi".

Malamin Nahawu: Duk kun bar gini kuna neman aro da faci. Hausa na da tsarinta na wannan ma'ana, aikatau aji na 7. Muna cewa abu yana gyaruwa, hanya tana biyuwa, magana tana faɗuwa a baki. To jirgi yana tuƙuwa. Takardar tuƙuwa. Kalma ɗaya, gaɓa uku, daga tushen da ya ba mu matuƙi. Barista, "cancanta" ta ɗan Adam ce, ɗan takara ke cancanta, ƙarfe ba ya cancanta.

Mai Faransanci: Malam ya burge ni. Mu da muka yi karatu da Faransanci "navigabilité" muka sani, kuma gininta ɗaya da tuƙuwa sak. Abin da ke ba ni haushi a zauren nan, kullum Ingilishi ake ɗauka kamar shi ne asalin magana. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, da ke Montiriyal da harsuna shida take aiki.

Alaramma: Cikin shidan akwai Larabci, kuma can "salahiyya" ake cewa. Salahiyar tashi. Ta haɗa gyaruwa da dacewa gaba ɗaya.

Malamin Nahawu: Allah gafarta Malam, a bar mu haka. Duk lokacin da aka nemi kalma sai a ruga gabas ko a ruga yamma, kamar harshen nan maraya ne. In ba za a karɓi tuƙuwa ba, gara a koma wa "lafiya" ta Baba, ko ba komai tamu ce.

Alaramma: Lafiya taku ce? Daga "al-afiya" ta zo, Malam. Haka shari'a, haka hukunci, haka alƙalin da Barista ya ambata. In za a mayar wa kowa kayansa, shirin baiwar Allah nan ba zai kai minti biyu ba.

Malamin Nahawu: Na sani sarai. Aron da ya shekara ɗaruruwa a bakin mutane daban yake da wanda aka sauke jiya da daddare.

Tsohon Ɗan Rediyo: Ku na jami'a haka kuke. Ku ƙirƙiro kalma a taron ƙara wa juna sani, ku tafa wa juna, a rufe ta a kundi. Mu ne muka sa kalmomi a kunnen jama'a, wadda ba ta zauna ba muka yar. Wa ya taɓa jin tuƙuwa a labaran duniya?

Malamin Nahawu: Baba, da girmanka, ku ne fa kuka cika mana kunne da fassarar kalma da kalma har yara suka ɗauka Hausa ke nan.

Mai Fassara: Don Allah iyayena, dare na yi.

Kyaftin: Malam, bari in gwada kalmarka a bakin aiki. Tsohuwar motar da ba burki ma ai tana tuƙuwa. A jirgi kuwa doka da kanta ta raba abin biyu. Akwai takarda ta musamman da hukuma ke ba jirgin da bai cika sharuɗɗan ba amma zai iya tafiya lami lafiya, don a kai shi inda za a gyara shi, ba fasinja, bisa sharuɗɗan da aka gindaya. Ka tuna Boeing 737 MAX. Bayan haɗarin Lion Air a Oktoban 2018 da na jirgin Habasha a Maris 2019, inda mutum 346 suka rasu, aka dakatar da samfurin a duniya. A Amurka sai Nuwamban 2020 aka ɗage, bayan umarnin a gyara manhajar da ke sarrafa hancin jirgin da wasu wayoyi, a kuma sake horar da matuƙa. A tsakanin nan an riƙa tashi da su fayau zuwa wuraren ajiya. Ka ga suna tuƙuwa ƙwarai. In na ce "takardar tuƙuwa", wacce nake nufi cikin biyun?

Malamin Nahawu: Ma'ana ai amfani ke ba kalma ita. A fara faɗa, za ta ɗauki nauyin.

Barista: Za ta ɗauka nan da shekara goma, ita kuma gobe za ta shiga ɗakin naɗi. Kan batun ƙarfe ba ya cancanta, kullum ana cewa ruwan nan bai cancanci sha ba, ginin nan bai cancanci zama ba. Abin da ya sa na riƙe ta, cancanta na nuna akwai ma'auni, akwai kuma wanda ya auna. Shi ne ainihin abin da takardar ke shaidawa.

Injiniya: Ni matsalata da ita "tashi". Kamar ɗagawa daga ƙasa kawai ake nufi. Sannan ma'anar ta shafi inji da farfela da kowane ɓangare shi kaɗai. Zan ce farfela ta cancanci tashi?

Kyaftin: Tashi a bakinmu ya haɗa tafiyar duka. Na farfela dai ka kama mu.

Barista: Sai a ce "cancantar aiki" ga ɓangarori. Ba kyau sosai, amma ba ƙarya a ciki.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan yi: "takardar shaidar cancantar tashi", a karon farko in bi ta da bayanin sharuɗɗa biyun da Injiniya ya kawo. "Lafiyar jirgi" zan bar ta inda ake maganar yanayin jirgin kawai, Baba kada ka yi fushi. Umarnin gyaran da hukuma ke fitarwa kuma na sa "umarnin gyara na tilas", in akwai mai ja ya yi magana yanzu.

Tsohon Ɗan Rediyo: Kalma huɗu a inda biyu suka isa. Numfashinki ne, ki karanta.

Mai Faransanci: Ni dai har yanzu ina wajen Malam.

Malamin Nahawu: Ta yi amfani da ita gobe tunda lokaci ya ƙure, ban ce na yarda ba. Ɗalibaina tuƙuwa zan koya musu. Kuma Barista, kafin ka tafi, wanda ya rasa wannan cancanta taka me sunansa a kalma ɗaya? Ni ina da "ba ya tuƙuwa".

Barista: Bai cancanta ba. Sai da safe, Malam.