Yaran ajina sun rabu gida uku, ina neman shawara

Jama'a, barkanmu da war haka. Ina koyarwa a wata makarantar Katolika a garin Katsina, aji biyu na ƙaramar sakandare. Akwai Musulmi, akwai 'ya'yan Igbo da Yarbawa 'yan kasuwa, sannan akwai Hausawa Kiristoci daga yankin Malumfashi da Kafur.

A cikin aji lafiya lau. Amma da an kaɗa ƙararrawar tara, kowa sai ya nemi nasa. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne 'yan Malumfashin nan. Hausawa Musulmi na mamakin Bahaushe mai suna Bulus, yaran Igbo kuma ba su yarda ɗan cocinsu ne ba tunda da Hausa yake addu'a. Abin haushi, shi kansa bishop ɗin farko da aka naɗa wa Katsina a 2023, Gerald Mamman Musa, ai Bahaushe ne.

Na sauya musu wurin zama, na gauraya su a ƙwallo, abin bai ɗore ba. Wa'azi kuwa ba na so, kada iyaye su zargi makaranta da taɓa addini.

Malamai 'yan'uwa, wace dabara ta yi muku aiki? In kira iyayen ne, ko hakan zai ƙara dagula lamarin?